Kafin Ka Kai Amarya Ganin Teku

Ɗana, tun daren jiya da ka tashi daga kan tabarmata nake juya maganarka. Ka ce hutun kwana biyar ka samu, kana so ka ɗauki iyalinka ku je Ikko ku ga teku, har ka miƙo mini waya ka nuna mini jerin wuraren da ka rubuta. Na ƙirga su, goma sha ɗaya. Ban ce maka komai ba a lokacin, saboda akwai mutane, kuma ba a rage wa ango farin ciki a gaban jama'a. Yanzu da gari ya waye, ga abin da ke raina.

Niyyar ta yi mini daɗi ƙwarai. A zamaninmu ba mai zuwa Ikko don kallo. Fatauci ke kai mutum, ko aikin gwamnati, ko neman magani, matan gida kuwa ko zancensu ba a kawowa. Ni kaina a saman lodin albasa na fara shiga garin, ina saurayi, na iso da warin albasa a jiki da ƙura har cikin kunne. Yau ga shi ɗan ƙanwata zai kama hannun matarsa ya kai ta don kawai ta buɗe ido. Allah ya yi maka albarka. Amma jerin nan naka, ɗauko biro ka soke takwas.

Yi lissafi tare da ni. Rana ɗaya ta zuwa ce, rana ɗaya ta dawowa, saura uku. Wannan ma in jirgin sama kuka bi daga filin Sultan Abubakar III, kuma ka tambaya tun wuri ko kai-tsaye ne ko sai an biya ta Abuja. In mota ce, tafiyar ta haura kilomita dubu: Tambuwal, Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, ku haye Kwara a gadar Jabba, sannan Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, kafin ku ji ƙamshin Ikko. Wanda ya yi wannan zaman, washegari ƙafafunsa kumbure suke, barci kawai yake nema. Jirgin ƙasa kuwa ka san bai taɓa zuwa mana ba. Tun 1929 dogo ya tsaya a Ƙauran Namoda, har yau muna jira. An ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri a Illela cikin Oktoban 2024, mai tsawon kilomita 1,068, hanyar da ake zancenta tun mulkin Shehu Shagari. Wataƙila 'ya'yanka su more ta. Kai dai a wannan karon, in aljihu zai ɗauka, ku hau sama. In ba zai ɗauka ba, ku bi mota da rana, ku kwana a hanya in dare ya yi, ka kuma yarda cewa kwana biyu ne kawai naku a can. Halin da hanyoyinmu ke ciki yanzu ba sai na faɗa maka ba. Kada wani direba ya ruɗe ka da cewa dare ya fi sanyin tafiya.

Abin da ya sa na ce ka soke takwas shi ne, Ikko gari ne mai cin lokaci. A nan Sakkwato za ka tashi daga Mabera, ka biya Tsohuwar Kasuwa, ka leƙa Runjin Sambo, ka dawo gida ba a kira azahar ba. A can, wurin da kake hange da idonka sai ya ci maka awa biyu a gosulo. Gadar nan ta uku mai kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990, in hanya a buɗe take minti kaɗan ne, in ta cushe kuwa har ka haddace fuskar mai tallan da ke gefenka. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya ce sai ya ga wuri goma sha ɗaya a kwana uku, bayan motoci zai gani, ya dawo da gajiya da faɗa da matarsa. Kowace rana ka ba ta wuri ɗaya, ku fita da sassafe, ku koma masauki kafin ma'aikata su taso.

Lokacin tafiyar ma abin dubawa ne. Yuni da Yuli ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, tituna su cika, teku ta yi fushi. Disamba kuma 'yan ƙasashen waje sun dawo hutu, kuɗin ɗaki da na jirgi duk sun yi tashin gwauron zabo. Nuwamba ya fi, ko ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, sai dai ka tuna hazon hunturu yakan hana jirgi tashi ko sauka a nan wajenmu, don haka kada ka sa ranar dawowa ta zama daren komawa aiki. Kada kuma ka yi wa zafinsu dariya don ka fito daga garin da ma'auni ke wuce 40 a watan Afrilu. Namu zafin busasshe ne, ka yi gumi iska ta ɗauke. Nasu mai laima ne, gumi ya zauna a jikinka kamar an shafa maka koko. Shaddar nan taka mai sitaci ka bar ta a gida, ko ka ajiye ta don Juma'a. Yadi mara nauyi, takalmin da zai jure yashi da ruwa, amarya ma ta zaɓi hijabi mara kauri.

Ranar farko ku ba tsakiyar tsibirin Ikko, inda tsohon garin yake. Ku fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Akwai kayan Nok da na Benin da na Ife, amma na san inda ƙafarka za ta tsaya: gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Ramukan harsashi na nan a jikinta. Ranar da na fara ganinta, wani dattijo Bakano ne a gefena, ya cire hularsa ya riƙe, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya yi wa mamacin addu'a a hankali ya fita. Daga nan da ƙafa za ku isa dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu ranar 1 ga Oktoban 1960. Ka nuna mata wurin, ka tuna mata cewa daga garin nan aka mulki ƙasar har zuwa Disamban 1991 da aka koma Abuja. Azahar ku yi ta a babban masallacin Ikko da ke titin Nnamdi Azikiwe, in da hali ku leƙa masallacin Shitta-Bey da aka buɗe tun 1894, wanda gininsa ya ɗauko salon mutanen da suka dawo daga Barazil. Za ka ga Musulunci ya daɗe da kafuwa a bakin ruwan nan, kuma za ka ji kunyar wasu maganganun da yaranmu ke yi a majalisa game da Yarabawa. Kasuwar Balogun na kusa. In amarya ta ce sai ta shiga, ka riƙe waya da kyau, ka ƙayyade mata awa ɗaya, ka kuma san cewa ba za ta cika alƙawari ba.

Af, kafin in manta. Ka taɓa shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke nan ƙarƙashin hancinka? Na yi zargin ba ka taɓa ba. Ku je kai da ita kafin tafiyar, ko da na awa ɗaya ne. Zai yi maka amfani a rana ta biyu.

Domin rana ta biyu ta Badagiri ce, kuma in da za a ce in zaɓar maka wuri ɗaya tak a duk tafiyar, shi zan zaɓa. Nisansa daga tsakiyar Ikko bai kai na Sakkwato zuwa Argungu ba, amma ka ware masa yini sukutum, ku tashi da an sallame asuba. Ƙaramin gari ne mai natsuwa, kusa da iyakar Seme, kwakwa ko'ina. Abin da yawancin mutanenmu ba su sani ba shi ne akwai igiya tsakanin garin nan da namu. Baturen nan Kilafatan, wanda a ƙasar Hausa aka sani da Abdullahi, ya fara zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 ta hanyar hamada. Da zai dawo karo na biyu, ta teku ya zo, ya sauka a Badagiri, ya kamo hanya a Disamban 1825, ya bi ta tsohuwar Oyo da Busa da Kano. Sai da ya yi kusan wata goma kafin ya sake haɗuwa da Bello, kuma a nan ƙasar Sakkwato ajali ya same shi a Afrilun 1827. Yaronsa Landa ne ya koma da takardunsa, ta Badagirin dai. Tafiyar da ta ci masa wata goma, kai za ka yi ta tsakanin hantsi da la'asar, kana ƙorafin jirgi ya yi latti.

Amma abin da zai taɓa maka zuciya a can wani ne daban. Badagiri tashar bayi ce. Za a nuna muku sarƙoƙi da mari a ɗan gidan tarihin zuriyar Mobee, za a ba ka ka ɗaga ka ji nauyinsu. Za a kai ku kurkukun Seriki Abass, ƙananan ɗakuna masu 'yar taga ɗaya can sama, inda ake tara mutane kafin jirgi ya zo. Ka shiga ɗaya, ka sa a turo ƙofa na minti guda. Daga nan a sa ku a kwalekwale ku haye zuwa tsibirin Gberefu, ku taka yashi da ƙafa har bakin teku, inda suke kira mashigar da ba a dawowa. A hanya akwai wata rijiya da masu rakiya za su ce maka ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Kada ka tsaya a wurin kamar baƙon da abin bai shafa ba. Cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar tekun nan akwai masu jin Hausa da yawa, kamammun yaƙe-yaƙen ƙasashenmu, waɗanda aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu har suka iso ruwa. A Bahiya ta ƙasar Barazil, Hausawa ne suka jagoranci yunƙurin tawaye a 1807 da 1809 da 1814, kuma a boren Musulmi na 1835, wanda aka yi cikin watan azumi, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mutane ne da suka yi karatun allo kamar ni da kai. Mun iya ba da labarin abin da Turawa suka yi. Wanda ya kama ya sayar kuwa, a nan muryarmu takan yi ƙasa. Ka yi musu addu'a a bakin ruwan.

Za kuma a nuna muku wani gidan mishan da aka gama a 1845, a ce maka shi ne bene na farko a Najeriya. Ka yi murmushi kawai. Wanda ya san hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen Kano ya san an daɗe ana hawa sama a ƙasar nan. Mai rakiyar abincinsa yake nema, ba muhawara ka je yi ba.

Rana ta uku ita ce ta teku, kuma a nan nake so ka buɗe kunne sosai, don saboda wannan na kasa barci. Ranar da na fara ganinta a Bar Beach, wurin da yanzu an cike shi da yashi ana gina sabon gari a kai, muna tare da wani tsoho mutumin Wurno. Ya tsaya ya dafa ƙugu, ya duba gabas ya duba yamma, sannan ya ce, "Wanga ruwa, ina ƙarshenai?" Ni kuwa da rawar kan ƙuruciya na naɗe wando na shiga har gwiwa, ina taƙama na yi iyo a gulbin Rima tun ina yaro. Igiyar ruwa ta zo ta dake ni, wannan bai dame ni ba. Komawarta ce ta kusa kashe ni. Sai na ji yashin da ke ƙarƙashin ƙafata yana zarewa kamar ana janye tabarma, na faɗi zaune, ruwan gishiri ya cika mini baki da hanci. Wani masunci ne ya finciko ni ta wuyan riga, yana zagina da yaren da ban ji ba, na kuwa gode masa. Takalmina ɗaya da hulata suna can har yau.

Gulbi gaba yake tafiya, ka san inda ya nufa, kana ganin ɗaya gaɓar. Teku zuwa take ta koma, kuma a wasu wurare ruwan da ya taru a gaɓa yakan yi wata siririyar hanya ya koma ciki da ƙarfin da ko gwanin Argungu ba zai iya ja da shi ba. Abin mamaki, wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, ba kumfa, ba hayaniya, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Wanda tsautsayi ya sa ya faɗa, kada ya yi kokawar komowa kai-tsaye. Ya bi gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga jan, yana ɗaga hannu. Amma kai wannan ilimin ajiya ne kawai. Umarnina shi ne kada ruwa ya wuce muku idon sawu. Kada ka juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Ita kuma ka tuna zane da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa. In an kafa jar tuta, ko masu gadin wurin sun hura usur, ku ja baya ba musu. Ruwan kuma yana cika yana janyewa sau biyu a yini, don haka inda kuka shimfiɗa darduma da hantsi zai iya zama cikin ruwa da azahar.

Wace gaɓa za ku? Yawancin na ɓangaren Lekki, irin su Elegushi, ana biyan kuɗin shiga, kuma yammacin Asabar da Lahadi kiɗa ne da shaye-shaye da shigar da za ta sa ku duka ku rasa inda za ku sa ido. Ku je ranar aiki da safe, lokacin da wurin yake kusan naku ku kaɗai. Tarkwa Bay ya fi kwanciyar ruwa, amma sai an shiga jirgin ruwa. In can kuka zaɓa, duk jirgin da bai ba ku rigar kariya ba kada ku taka shi, kada kuma ku kai magariba. Masu dawaki za su zo su ce amarya ta hau a ɗauke ta hoto. Kai da ka saba ganin dawakin hawan salla a ƙofar Sarkin Musulmi, tausayin dabbobin ne zai kama ka. In dai tana so, ku yi ciniki kafin ta hau. Haka mai hoto, haka mai kujera da laima, haka mai fasa kwakwa: komai a gama magana tukuna. In kun gaji da wuri kuma da sauran ƙarfi, gandun dajin Lekki na kan hanya, da birai da wata gadar igiya mai tsawon mita 401 a saman itatuwa. In ba ƙarfi, a bar shi. Zama a yashi ku yi shiru kuna kallon jiragen dakon kaya sun yi layi suna jiran shiga tashar Apapa, wannan ma ya isa yini.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke ɓata tafiya. Masauki ka kama tun kana nan, kusa da inda za ku yawata, ko da ya ɗan fi tsada. Arahar da za ta sa ku kwana a gosulo ba araha ba ce. Na san muna da mutane a Agege da Idi-Araba da Mil 12 da Alaba Rago, kuma za su ce ka sauka wurinsu. Ɗakunan Ikko ƙanana ne, ɗana. Mutum zai ba ka gadonsa ya kwana a shago, ba zai taɓa faɗa maka ba. Ka kai musu ziyara da kilishi da 'yan kayan fata na Sakkwato, ku ci abinci tare, ka sha labari, ka koma masaukinka. Agege ma abin gani ce, zangon da cinikin goro da jirgin ƙasa suka kafa, inda za ka ji Hausa kamar kana Kanwuri.

Kada ka sa ran kabu-kabu kamar nan, an hana su a manyan sassan garin tun 2022. Ka yi amfani da Uber ko Bolt, ka duba lambar motar ta dace da ta wayarka kafin ku shiga. Akwai dogayen bas na BRT da jirgin ƙasan da ke tashi daga Marina zuwa Mil 2 tun 2023, da kati ake hawansu. Motar da ta tsaya maka a gefen titi da mutum biyu ko uku a ciki, tana kiran daidai inda za ka, bar ta ta wuce. Baƙo makaho ne ko da idonsa, matambayi kuma ba ya ɓata, sai dai a san wanda za a tambaya: mai shago da ke zaune a wurinsa, ko ɗan'uwanmu mai shayi ko mai tsire. Kuɗi ka raba uku, na kashewa, na ko-ta-kwana, da na komowa gida wanda ko kai ba za ka taɓa ba. Ka riƙe 'yan tsaba a jiki, don na'urar cirar kuɗi takan ƙi aiki daidai lokacin da aka fi bukatarta. Ita ma ka ba ta nata a hannunta, da sunan masauki a rubuce a takarda, saboda waya na mutuwa, cunkoso kuma na raba mutane.

Abinci kada ku ƙi na mutane. Ku ɗanɗana amala da ewedu, ku ci ɗanyen kifin teku da aka gasa a gabanku, ku tambayi abin da ba ku gane ba cikin ladabi. Yajinsu ba na wasa ba ne, ruwan leda ko na gora kawai za ku sha. Salla kuwa, tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, ƙasaru ce taku, ka ƙara tuntuɓar malaminka kafin ku tashi. Ruwan teku yana alwala, in lokaci ya riske ku a can. Alƙibla ka tambaya a masauki, kada ka kintata da rana, don garin yakan wuni cikin gajimare.

Mahaifiyarka ba ta ce maka komai ba, amma ni ta kira da asuba, hankalinta bai kwanta da zancen ruwan nan ba. Ka je ka zauna ka zayyana mata tsarin tafiyar rana bi rana, ka kuma kira ta kowane dare in kun koma ɗaki. Surukanka ma a sanar da su. In kun tashi dawowa, ka taho mini da kwakwar Badagiri guda biyu. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.